Ina Ƙasar Hausa Ta Tsaya?



Ƴan'uwa matasa, yawancinku a nan Babbar Kasuwa kuke neman halalinku, kun kuma ga abin da rufe iyakar Najeriya a 2023 ya yi wa ciniki. Kaya sun tsaya a Ƙonni da Ɗan Isa, farashi ya hau. Tun lokacin nake jin wasunku suna cewa ai littattafan magabata sun nuna iyakarmu ta gaskiya. To, mu buɗe su mu gani.

Ku ɗauki Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812. Ba za ku tarar da layi a ciki ba. Ƙasashe yake lissafawa, da mutanensu, da maƙwabtansu. Shi ya kawo labarin cewa Gobirawa a Azbin suke tun farko, kafin su gangaro kudu. Alƙalawa ta faɗi a 1808, daga baya sarautar Gobir ta zauna a Tsibiri, kamar yadda ta Katsina ta zauna a Maraɗi. Wato Gobir ta yi ƙaura fiye da sau ɗaya, sunanta bai canza ba. Wace Gobir ɗin za ku auna?

Kada kuma ku manta, Bello yana cikin yaƙin da yake ba da labari. Malami ne babba, Allah ya jiƙansa, amma da ɓangarensa. Shi ya sa nake girmama shi da ya saka wasiƙun Shehu Laminu na Barno, masu sukar jihadin, a cikin littafin nasa.

Ba mu kaɗai ba ne. Tsofaffin littattafan Yahudawa wani wuri suna auna ƙasarsu daga garin Dan zuwa Biyasheba, wani wuri su kai ta har kogin Furatu. Na farko inda ake zaune ne, na biyu alkawari ne da buri. Dubi jinin da ake zubarwa yau a Falasɗinu, inda wasu suka mai da buri takardar fili.

Layin da ya tare muku kaya kuwa, Ingila da Faransa suka fara shata shi a 1890, daga Say zuwa Baruwa. Suka sake shi a 1898, suka sake a 1904 da 1906, domin Faransa na neman hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Ba a tambayi Bakatsinen Maraɗi ba.

Wassalamu alaikum.