Haƙƙin Iyaye a Ranar da Ɓarin Jiki ya Shanye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu sauraro a Jado da Shirfa da sauran garuruwan Kawar, yau za mu yi magana a kan jarrabawar da ke sauka ba sallama: uba ko uwa suna zaune lafiya, sai baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. Wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki. Likitoci sun bayyana cewa jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwa take toshewa ko ta fashe, kuma hawan jini shi ne babban sababinsa.

Da yawa daga cikinmu in sun ga haka sai su ce iska ce, a kwana ana hayaƙi da tofi. Addu'a gaskiya ce, amma ba ta hana neman magani. Shari'a ta umurce mu da riƙon sababi, sannan mu dogara ga Allah. Ka yi addu'arka a cikin mota, kana tafe da mahaifinka zuwa likita.

Ku riƙe abubuwa huɗu. Na farko, ku lura da lokacin da abin ya fara, domin shi likita zai fara tambaya. Maganin narkar da gudan jini ba ya wuce awa 4 da rabi da farawar ciwo. Na biyu, ku kwantar da shi a gefe guda, ku sassauta masa rawani da tufafi. Na uku, kada ku ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, ko da an kira magariba, domin maƙogwaro kan kasa haɗiya, abin ya faɗa huhu. Na huɗu, kada ku ba shi asfirin da ka. In jijiya ce ta fashe, zai ƙara zubar jinin. Hoton ƙwaƙwalwa ne ke rarrabe iri biyun.

Mun san ƙasarmu. Tsakaninmu da Dirku da Bilma akwai nisa, balle Agadas da ke bayan Tenere, balle Yamai. Saboda haka shirinmu ya kamata ya riga ciwo. A auna jinin tsofaffi kafin azumi da cikinsa. Wanda ke shan maganin hawan jini kada ya yanke shi don Ramadan. Ya tambayi likita yadda zai mayar da shi lokacin sahur ko buɗa-baki. Kowace unguwa ta san motar da za ta nema, da man da aka tanada. Ku kuma samarin da zinariya ta kawo nan tun 2014, kuka baro iyaye a Damagaram da Maraɗi da Tawa, ku bar musu kuɗin magani a hannun amintacce, kada a tsaya neman ku a waya alhali lokaci na ƙurewa.

Game da ibada, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara: ya sha, ya rama in ya warke. Wanda ba a sa ran warkewarsa babu ramuwa a kansa, kuma malamanmu na Malikiyya sun ce an so ya ciyar da mudun Annabi ɗaya kowace rana. Ya yi salla a zaune ko a kwance, ya yi taimama in alwala ta gagara.

Sai jinya, wadda ita ce doguwar jarrabawa. Ku riƙa juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ku motsa masa gaɓoɓi, ku yi haƙuri da nauyin harshensa. Kada a bar wa 'ya mace ɗaya ko suruka wannan nauyi. 'Ya'ya maza ma haƙƙi ne a kansu. Wanda ya wanke ka kana jariri bai taɓa ƙyamarka ba.

Ya Allah Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ka jiƙan iyayenmu, Ka karɓi azuminmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.