Gado ko Kiwo? Auna Girman Kifi a Tafkin Kainji



Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Aikin masanin halittu shi ne ya ɗora wannan magana bisa ma'auni, ya gano nawa ne rabon gado a cikin girman dabba da sifarta, nawa ne kuma rabon abinci da mazauni.

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, Kogin Kwara ya zama tafki, masunta daga Ngaski zuwa Yauri da Shanga suka shiga sabon yanayi. A ce mun auna karfasa ta gefen Ngaski da ta gefen Shanga, tsawo da nauyi da faɗin ciki, muka tarar da bambanci. Wannan bai isa hujja ba, domin mai yiwuwa ne wata ta fi wata samun abinci.

Hanyar rarrabewa biyu ce. Ta farko, a tara 'ya'yan kowane gefe a kududdufi guda, a ba su abinci iri ɗaya. Bambancin da ya saura shi ne ake jingina wa gado. Ta biyu, a auna iyaye, a auna 'ya'yansu in sun kai shekarunsu. Idan iyayen sun ɗara sauran da santimita 10, 'ya'yan kuwa suka ɗara da 3, to rabon gado kashi 30 ne cikin ɗari.

Ina amfanin wannan ga masunci? A 2002 Conover da Munch, a Amurka, suka ba da rahoton gwajin da suka yi da wani ƙaramin kifin teku. Sukan kwashe manya, kashi 90 cikin ɗari, su bar ƙanana su hayayyafa. Bayan zuriya huɗu sai irin ya tsumbure. Ashe ragar da ke tsame manya kullum zaɓen iri take yi, ko mai ita bai nufa ba.

Saboda haka, jama'a, dokar faɗin idon raga tana bukatar awo na shekara da shekaru, daga cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Bussa har kasuwar Yauri. Ramar da yunwa ta kawo, damina guda kan gyara ta; wadda ta shiga jini kuwa sai an daɗe ana jinya.