Turmin Sama da Saiwoyinsa Uku

 

Kowa ya kai harshensa can ƙuryar baki ta sama, ya taɓa turmin da yake tauna goro da shi. To, abin da harshe ya taɓa kan haƙorin ne kawai. A cikin ƙashi, kan saiwa uku yake zaune, kamar tukunya a kan duwatsun murhu: biyu ta wajen kunci, babbar ta wajen ganda. Turmin ƙasa saiwa biyu gare shi, haƙoran gaba kuwa ɗai-ɗai.

Za ku ce ai mai uku ya fi ƙarfi. Haka ne. Sai dai inda saiwoyin suka rabu akwai gwafa, kuma daga wuyan haƙori zuwa bakin gwafar nan milimita 3 zuwa 5 ne, kusan ƙwayar dawa guda. Dauɗar da ke kwana a gindin haƙori takan yi kanta, dasashi ya kumbura, ƙashin da ke riƙe da saiwa ya riƙa zaizayewa. Ran da zaizayar ta kai gwafa, ƙwayoyin cuta sun samu ɗaki. Asuwaki ba ya shiga, buroshi ba ya shiga, tsinken sakace kuwa sai dai ya ƙara rauni. Mu kanmu a asibiti, sau da yawa ƙarfen da muke kankare kanta da shi yakan fi ƙarfin bakin ramin.

Mugun halin ciwon nan shi ne ba ya zafi da fari. Inna, in kin tofar bayan asuwaki kika ga ja-ja, kada ki ce icen ne ya yi tauri, dasashi ne ke kai ƙara. Daga nan sai warin baki, sai mugunya, sai haƙori ya fara girgiɗa, a lokacin kuwa ƙashi ya riga ya tafi da yawa. Masu ciwon suga da mashaya taba, ku ya fi yi wa saurin ɓarna.

Iyaye mata, turmin farko na dindindin yana fitowa yaro na da wajen shekara 6, a bayan haƙoran nono. Ba na famfara ba ne, in ya tafi babu wani.

A goge baki da safe da kuma kafin kwanciya, a bi gindin haƙori inda ya haɗu da dasashi, har can ƙurya. Wanda ke ganin jini ya dakata bayan an tashi taron nan, in duba masa.