Injin Tururi da Tukunyarsa: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Mai girma shugaban taro, malamanmu, iyayenmu, da 'yan uwana tsofaffin ɗalibai. An umurce ni in ɗan yi magana a kan wani abu daga fannin aikina na injiniya, sai na zaɓi injin da ya soma janye ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai a Ingila.

A wancan zamani, duk lokacin da mahaƙan kwal da kuza suka zurfafa rami, sai ruwa ya kore su. Da dawakai ake jawo ruwan, kuma dawakan ba su isa ba. A 1698 Thomas Savery ya sami takardar mallakar wani famfo mai aiki da tururi, amma tukunyarsa ba ta iya jure matsi, tana ɓarkewa daga mahaɗanta.

A 1712 wani maƙeri mai suna Thomas Newcomen ya kafa injinsa kusa da Dudley. Ku duba yadda yake aiki. Tururi ya cika silinda, sai a fesa ruwan sanyi ciki, tururin ya koma ruwa, wurin ya zama fanko. Nauyin iskar duniya shi ke danno fistan ƙasa, shi kuma ya jawo wani ƙaton gungume da ke ɗaga famfo. Yana yin haka kamar sau 12 a minti. Aibinsa ɗaya: kowane bugu sai an sanyaya silinda a sake ɗumama ta, don haka yana cin kwal ba kaɗan ba.

James Watt ya lura da wannan ɓarna yayin da yake gyaran ƙaramin samfurin injin a Jami'ar Gilasgo. Sai ya ware wani mazubi dabam inda tururi zai huce, silinda ta zauna da zafinta. Ya sami takardar mallaka a 1769. A Cornwall, inda babu kwal sai an kawo ta jirgin ruwa, shi da abokinsa Matthew Boulton sukan karɓi sulusin kuɗin kwal ɗin da injinsu ya rage wa mai rami.

Watt ya ƙi tururi mai matsi sosai don tsoron fashewa. Richard Trevithick kuwa ya rungume shi. A 1803 tukunyar wani injinsa ta fashe a Greenwich, mutum 4 suka mutu, saboda an danne bawul ɗin da ke sakin tururi. Bayan haka ya riƙa sa bawul biyu, ɗaya ba mai iya taɓa shi, tare da toshiyar dalma wadda ke narkewa idan ruwa ya yi ƙasa. Daga zuriyar irin wannan injin aka sami jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911.

'Yan uwa, da yawanmu yanzu ke kula da masana'antu, asibitoci da famfunan ruwan gari. Kada mu yarda a danne bawul don gudun tsayar da aiki na awa ɗaya. Hausawa suka ce rigakafi ya fi magani. Kuma ina roƙon ƙungiya ta taimaka a gyara ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, tunda kan gyaran ɗan samfurin inji Watt ya gano dabararsa.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.