Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi Bayan Mayar da Ajiya

Sau da yawa mutum yakan yi hattara, ya kwafi dukan abin da ke cikin kwamfutarsa ya adana saboda tsautsayi, amma ran da ya mayar da ajiyar a sabon faifai ya kunna, sai allo ya yi baƙi ƙirin, alhali kuwa takardunsa da hotunansa suna nan daram.

Galibi illar tana ga mabuɗin tashi. Tsofaffin na'urori masu BIOS suna neman umarnin farko a bayit 512 na farkon faifai, na zamani kuwa masu UEFI suna nemansa a wani ɗan yanki mai tsarin FAT32, wanda mai gaggawa kan tsallake wajen kwafa, domin a ɓoye yake. Saboda haka, kafin a zartar da goge komai, wanda a ganina ɗanyen hukunci ne, wajibi ne a shiga saitin na'ura a tabbata tafarkin tashi da aka zaɓa, BIOS ko UEFI, ya dace da wanda aka yi ajiyar a kansa.

In ya dace amma shiru, sai a tayar da ita da filashin girkawa. Mai Windows ya sake gina mabuɗin da umarnin bcdboot. Mai Linux ya sake girka nasa mabuɗin, wato GRUB, sa'an nan ya duba fayil ɗin fstab, domin yankin da aka yanka sabo yakan zo da sabuwar lambar shaida, tsarin kuwa, bawan Allah, yana can yana ta cigiyar tsohuwar.