Gurbi Uku Kacal

A gasar Olamfik kowace ƙasa maza uku da mata uku kawai take kaiwa gudun fanfalaki, komai yawan gwanayenta. To, wa za a ɗauka?

Amurka ta huta da gardama. Rana ɗaya ake tsere, ukun farko su ne, muddin sun cika lokacin da aka gindaya. In mura ta kama ka a makon, sai kuma bayan shekara huɗu. Ni dai wannan ya fi kwanta mini, don kowa ya gani da idonsa.

A Kenya da Habasha kuwa, galibi hukuma ce ke zama ta duba sakamakon manyan tsere. A 2016 Habasha ta ajiye Kenenisa Bekele, aka tafi Olamfik na Rio ba shi. Watan Satumba ya lashe tseren Berlin cikin awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 3.

Sai Tamirat Tola, wanda a 2024 ɗan ko-ta-kwana ne a tawagar Habasha. Sisay Lemma, ɗaya daga cikin ukun da aka zaɓa, ya ji rauni, aka ce Tola ya shirya. Ya haye tuddan Paris, ya ɗauko zinare, har da kafa sabon tarihin Olamfik.