Ɓawon Ƙasa Mai Rai Da Siyasar Kankare



Duk wanda ya taɓa kiwo a cikinmu ya san wani baƙin ɓawo da ke rufe fuskar ƙasa a saura, wanda kan yi kore-kore da zarar an yi ruwan fari. Galibi datti muke ɗaukarsa, alhali kuwa halitta ce mai rai: gansakuka ce da wasu ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira sayanobakteriya. Suna miƙa siraran zaruruwa a tsakanin ƙwayoyin yashi, su fitar da wani yauƙi da ke ɗaure su, ta yadda ɗigon ruwa da iska ba sa iya kwasar ƙasar cikin sauƙi. Wasunsu har naitirojin suke ɗaukowa daga iska su zame wa ƙasa taki. Tun 1999 Umaru Malam Issa, masanin ƙasa ɗan Nijar, da abokan aikinsa suka wallafa bincike a kan wannan ɓawo a yammacin Nijar.

A wasu ƙasashen an wuce matakin bincike. A Sin ana renon waɗannan ƙwayoyi a fesa su a kan yashin hamada. A Japan kuwa ana fesa gansakukar ƙasa a gangaren da aka yanka don hanya, ɓawon ya riƙe ƙasar har irin ciyawar yankin da iska ta kawo ya samu wurin tsira.

To, mu ina muka kwana? Nijeriya na da Asusun Kula da Muhalli tun 1981, kuma a 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ba mu musun cewa kwazazzabon da ya riga ya ci gidaje, irin na garin Gombe, sai da kankare. Amma ruwan da ya haƙa shi daga tudu ya taso, inda ƙasa ta tsiraita. A ganinmu, abin da ke jan hankalin 'yan siyasa zuwa kankare shi ne akwai kwangila a ciki, akwai kuma ranar buɗewa da maroƙa. Ɓawon ƙasa kuwa ba ya fitowa a hoto.

Kada mu ruɗi kanmu, aikin yana da sharuɗɗa. A kan fako mai tauri ɓawon na iya hana ruwa nutsewa, don haka sai an haɗa shi da tassa da rabin wata, irin waɗanda manoman Tawa suka ƙware a kai, su tare ruwan da ya gangaro. Sharaɗi mafi nauyi shi ne kofato. Garke guda zai iya farfasa abin da ya ɗauki shekaru yana haɗuwa, kuma gangaren da ake son hutarwa sau da yawa shi ne makiyayar da ta rage bayan gonaki sun cinye burtali. In aka zo aka kafa waya ba tare da an zauna da arɗo da mai gari ba, an sayi rigima da kuɗin rance.

Saboda haka muna ba ƙungiyarmu shawara ta rubuta wa majalisun jihohinmu, ta nemi a bayyana hekta nawa na tudu kowane aikin zaizaya ya tanada, shekara nawa za a hutar da su, da inda dabbobi za su koma kiwo a tsawon lokacin.